Gajeriyar geta ta masu gudun daji

Gajeriyar geta wani ɗan yadi ne da masu gudun daji da kan duwatsu ke ɗaurawa a idon sawu domin ya toshe bakin takalmi, kada tsakuwa, yashi, ƙaya ko 'ya'yan ciyawa su faɗa ciki. Sunan ya fito daga Faransanci. Sojojin Turai na ƙarni na 18 da na 19 sun riƙa sa doguwar irinta, haka ma masu hawa duwatsun ƙanƙara a yau, amma ta 'yan gudu ba ta wuce saman idon sawu da yawa.

Ana ɗinka ta da nailan ko yadi mai talewa, marar nauyi. Ta gaba akwai ƙugiya da ake maƙalawa a igiyar takalmi. Ta baya kuwa iri biyu ce. Wata tana manne wa diddigen takalmi da Velcro, wato maɗaurin nan mai ɓangare biyu da ke kama juna idan an danna su, har kamfanin Altra na Amurka yana ƙera takalmansa da wurin mannewar a jiki. Wata kuma tana da igiya ko roba da ke bi ta ƙarƙashin takalmi. Wannan ta fi riƙo, sai dai duwatsu kan cinye igiyar, don haka ita ce ke fara tsinkewa.

Amfanin getar ba ƙarami ba ne. Ƙwayar tsakuwa ɗaya idan ta haɗu da zufa a cikin safa, takan yi ta gurzar fata har bororo ya fito, ya fashe. A gudun awa ɗaya ana iya daurewa. A tseren da ake kwana ana gudu, irin tseren UTMB da ke zagaye Dutsen Mont Blanc a Turai, kimanin kilomita 170, wannan ɗan ciwo yakan sa gogaggen ɗan tsere ya janye. Ga kuma lokacin da ke tafiya wajen tsayawa a cire takalmi a kakkaɓe.

A sahara gajeriyar geta ba ta wadatarwa, domin rairayi mai laushi yana ratsa ragar saman takalmin kanta. Shi ya sa a tseren Marathon des Sables na Maroko, wanda Patrick Bauer ya kafa a 1986, mai tsawon kusan kilomita 250, 'yan tsere ke amfani da getar da ke lulluɓe takalmin gaba ɗaya. Akan kai takalmin wurin baduku ya liƙa Velcro ya kuma ɗinke shi kewaye da gefensa, saboda gam kaɗai yakan saki a cikin zafi.

Yawancin gajerun geta ba sa hana ruwa shiga, kuma siririn yadinsu ba kariya ba ne daga saran maciji. Wadda ta yi sako-sako takan bar ƙofa a sama, wadda ta matse kuma takan goge fata, don haka ana gwada ta tare da takalmin da safar da za a yi tseren da su.