Na'urar auna ƙarfin hannu bayan ganin alama

Wannan na'ura ce ta ɗakin bincike da ake auna abu biyu da ita a lokaci guda: tsawon lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya amsa abin da ido ya gani, da kuma yawan ƙarfin da ya fitar. Wanda ake gwadawa yakan zauna gaban allon kwamfuta, a ɗaure masa dantse don kada kafaɗa ta taya shi, ya riƙe wani mariƙi, sannan ya tura ko ya ja da zarar haske ko ɗigo ya bayyana.

A jikin mariƙin akwai ɗan ƙarfe da aka manna wa siririyar waya. Idan aka matsa, ƙarfen yakan ɗan lanƙwasa kaɗan yadda ido ba ya gani, wayar ta miƙe, gudun lantarkin da ke cikinta ya canza, kwamfuta kuma ta mayar da canjin lissafin ƙarfi a ma'aunin niyuton, sau dubu a daƙiƙa ɗaya a yawancin ɗakunan bincike. Edward Simmons da Arthur Ruge ne suka ƙirƙiro irin wannan waya a Amurka a 1938, kowa da nasa aikin. Sau da yawa ana liƙa wasu 'yan faifai a fata domin kama lantarkin tsoka, wanda ke riga motsin da kansa bayyana.

Tushen binciken ya girmi na'urar, domin tun a 1868 Franciscus Donders na ƙasar Holan ya auna lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓi amsa. Lafiyayyen baligi yakan amsa hasken da ya gani cikin kusan rubu'in daƙiƙa, amma an gano cewa tsokar kafaɗa na iya fara motsi cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun kafin mutum ya gama yanke shawara. Masuncin Argungu da ke cafke kifi da zarar ruwa ya motsa yana dogara ne da irin wannan hanzari. Daga cikin na'urorin da suka yi suna akwai KINARM, wadda Stephen Scott ya ƙera a Jami'ar Queen's da ke Kanada.

Ana amfani da irin wannan na'ura wajen masu shanyewar ɓarin jiki, domin tana taimaka wa likita ya bambance ko rauni a tsoka yake, ko kuwa saƙon ne ke jinkiri tsakanin ido da ƙwaƙwalwa da hannu.  Tsadar na'urar ce ta sa masu gashin ƙashi suka fi dogara da ƙaramin ma'aunin damƙa, wanda ke nuna ƙarfi kawai ba tare da lokaci ba.