"Ai ni turawa kawai na yi": abin da dokar intanet ta ce kan cin mutuncin mata

Kwanakin nan a Damagaram, daga Birni har Zango, zance guda ke yawo: wai tun 2022 ba a kai kowa gidan kaso saboda zagi a WhatsApp ko Facebook, tara ce kawai. Masu faɗin haka sun tsaya a tsohon labari.

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Nijar ita ce mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019. Gaskiya ne an sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi. Amma ranar 7 ga Yuni 2024 shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan gyaran da ya maido da shi. Yanzu ɓata suna ko zagi ta waya, wato sashe na 29 da na 30, ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Ta shafi duk mai riƙe da waya, namiji ko mace.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sashe na 31, kan abin da zai taɓa mutuncin ɗan Adam. Hukuncinsa ya fi tsanani: shekara 2 zuwa 5, da tarar miliyan 2 zuwa 5. Kuma bai tsaya kan wanda ya ƙirƙiri abin ba, ya haɗa da wanda ya miƙa wa wani ko ya baza. Saurayi ya saki hoton budurwa don sun ɓata, kai ka jefa shi a guruf ɗin fadarku, to hannunka na ciki. "Ai hoton nata ne, ba ƙarya na yi ba" ma ba mafaka ba ce, don sashen mutunci yake dubawa.

Wasu na cewa doka ce ta toshe bakin 'yan jarida. Ba zan ƙaryata su duka ba: da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020, kuma maganar "tada hankalin jama'a" da ke cikin sashe na 31 tana da faɗi fiye da kima. Sai dai yarinyar da aka yi wa taron dangi a Facebook kan launin fatarta ko mutuwar aurenta, har ta daina zuwa biki, ta ƙi madubi, ta soma yarda da abin da ake faɗa a kanta, ita ma wannan doka tata ce.

Abin takaici, a gida ake fara kashe maganar: "Ki yi haƙuri, kar ki ƙara tona mana asiri." Sai ta goge saƙonnin don kunya, shaidar ta tafi. Ƙanwata, kar ki goge. Ɗauki hoton saƙon da lambar mai shi da kwanan wata, ki adana muryoyin, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ko kai tsaye ofishin mai shigar da ƙara a kotun Zinder.