TAA: tallafin Amurka ga ma'aikatan masaƙu da kayan waje suka raba da aiki

TAA, wato Trade Adjustment Assistance a Turance, wani shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da aka kafa don tallafa wa ma'aikatan da suka rasa aiki saboda kayan ƙasashen waje sun cika kasuwa, ko kuma kamfani ya kwashe injinansa ya koma wata ƙasa inda ladan ma'aikaci ke da araha. Ba na masaƙu kaɗai ba ne, masu aikin ƙarfe da masu haɗa motoci ma sun ci moriyarsa, amma ma'aikatan masaƙu da na kamfanonin ɗinki suna cikin waɗanda suka fi cika layin.

Asalinsa

A 1962 aka fara shi zamanin shugaba Kennedy, a cikin dokar faɗaɗa kasuwanci da ƙasashen waje. Hujjar mai sauƙi ce, tunda gwamnati ce da kanta ta rage kuɗin kwastan har kowa ya samu kaya da rahusa, to bai kamata a bar wasu 'yan tsiraru su ɗauki asarar su kaɗai ba. Sai dai sharuɗɗan farko sun yi tsauri sosai, har zuwa 1969 ko takardar neman tallafi ɗaya ba a amince da ita ba. Dokar kasuwanci ta 1974 ce ta sassauta abin, daga nan mutane suka fara samu da gaske.

Yadda ake samu

Lokacin da shirin ke karɓar sababbin takardu, ba mutum ɗaya ke zuwa ya ce a ba shi ba. Ma'aikata ne ko ƙungiyar ƙwadago ko shi kansa kamfanin za su rubuta wa Ma'aikatar Ƙwadago takarda, ita kuma ta bincika ko da gaske kayan waje ne suka jawo sallamar, in ta tabbatar sai kowa ya je ofishin jiharsa ya cike fom. Babban abin da ake bayarwa shi ne kuɗin makaranta don koyon wata sana'ar, sai alawus na mako-mako bayan kuɗin rashin aiki na jiha ya ƙare, wanda a dokar 2015 jimillarsu kan kai mako 130 in dai mutum na karatu. Akwai kuɗin motar neman aiki da na tashi zuwa wani gari. A 2002 aka ƙara abu biyu, gwamnati ta riƙa ɗaukar kashi 65 cikin ɗari na inshorar lafiya, sannan wanda ya kai shekara 50 ya samu sabon aiki mai ƙaramin albashi ana cika masa rabin giɓin har tsawon shekara biyu, amma ba ya wuce dala 10,000.

Abin da ya faru da masaƙu

Masaƙun Amurka galibi a kudu maso gabas suke, Karolina ta Arewa da ta Kudu da Jojiya da Bajiniya. Dukan ya zo musu a jere, yarjejeniyar NAFTA ta sauƙaƙa ciniki da Meziko da Kanada a 1994, shigar Sin ƙungiyar kasuwanci ta duniya a ƙarshen 2001, sai kuma ranar 1 ga Janairu 2005 da aka cire ƙayyade yawan yadi da tufafin da kowace ƙasa za ta shigar. Misalin da aka fi kawowa shi ne Pillowtex na garin Kanapolis, masu yin tawul da zanen gado, wanda ya rufe a ƙarshen Yuli 2003, mutum sama da 4,000 suka wayi gari ba aiki a jihar Karolina ta Arewa kaɗai. Garin dama masaƙar ce ta kafa shi, kaka ya yi aiki a ciki, uba ya yi, ɗa ya yi, kuma da yawansu ko sakandare ba su gama ba don sun san aiki na jiransu. To mutumin da ya shekara talatin a gaban inji yanzu an ce ya koma aji ya koyi kwamfuta ko aikin jinya, ai abin da wuya, ga kuma kashi 35 na inshora da zai biya daga aljihunsa alhali ba albashi. Duk da haka an samu waɗanda suka daure suka yi karatun a kwalejin yankin.

Ce-ce-ku-ce a kansa

Masu suka na cewa me ya sa za a fifita wanda kayan waje suka kora a kan wanda sabon inji ya kora, bayan yunwarsu ɗaya, kuma wannan magana ce mai ƙarfi. Wani binciken da Ma'aikatar Ƙwadago ta sa aka yi, ya fito a 2012, ya nuna cikin shekara huɗun farko waɗanda suka shiga shirin sun samu kuɗi ƙasa da takwarorinsu da ba su shiga ba, musamman dattawa. Masu kare shi suka ce ai dole, wanda ke makaranta ba ya karɓar albashi.

Mu a nan ba baƙon labari ba ne, masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, balle a yi zancen mai biya musu kuɗin koyon sana'a.

A can Amurka ma shirin ya tsaya. Majalisar dokoki ba ta sabunta shi ba, daga 1 ga Yuli 2022 aka daina amincewa da sababbin takardu, sai waɗanda aka riga aka tantance kafin ranar ne suka ci gaba da karɓa.