Waiwaye: tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke kan kwamfuta

A farkon shekarun 1990, mai kula da kwamfutoci masu aiki da babbar manhajar Unix a jami'a ko kamfani jerin umarni yake rubutawa: kwafi wannan fayil, ƙara wannan layi, sake kunna wancan shiri. Irin wannan rubutu yana ɗauka cewa ya san halin da zai tarar da kwamfutar. In aka kunna shi sau biyu, layin zai shiga sau biyu. In wani ya riga ya taɓa injin da hannu, umarnin ya faɗa kan abin da bai zata ba.

A 1993 Mark Burgess, ɗan Birtaniya da ke aiki a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ya fitar da manhajar CFEngine, ya juya tambayar. Maimakon ka ce a yi kaza sannan kaza, sai ka rubuta yadda kake so a tarar da injin: wannan fayil ya kasance, izininsa 644 (lambar da ke nuna wa zai iya karanta shi ko sauya shi), wannan shiri yana gudana. Manhajar ta duba abin da ke akwai, ta gwada da abin da ka rubuta, ta gyara bambancin kawai. In babu bambanci, ba ta taɓa komai ba. Wasu manhajoji irinsa sun biyo baya: Puppet na Luke Kanies ya zo a 2005, yana zagayowa duk bayan minti 30 yana dubawa. Chef ya biyo a 2009, Ansible a 2012. Kowanne da salonsa, amma tushen ɗaya ne.

Wanda bai ga amfanin wannan dubawa ba, ya tuna da Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. Kafin 1 ga Agusta 2012, wani ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas, ta takwas ta tsallake, kuma babu wanda ya bi bayansa ya duba. Da aka buɗe kasuwa, wani tsohon shiri da aka daina amfani da shi ya farka a kan ta takwas ɗin, ya riƙa aika odar saye da sayarwa ba tsayawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar wajen dala miliyan 440. Kowa ya san abin da ya kamata ya kasance a kan injunan nan takwas, sai dai ba a samu wanda ya tambaye su ba.

Da aiki ya koma hayar kwamfutoci a wurin irin su Amazon, lamarin ya ƙara wuya, domin yanzu injin da kansa da hanyar sadarwarsa da rumbun bayanansa duk rubutu ke ƙirƙirar su. Terraform na kamfanin HashiCorp, wanda ya fito a 2014, ya shigo da abu na uku: fayil da yake rubuta duk abin da ya ƙirƙira da lambarsa. Sai lissafin ya zama kamar na mai shago da ke da jerin kayan da yake so, da littafin da ya rubuta abin da ya saro, da kuma abin da ke kan kanta a zahiri. Umarnin `terraform plan` shi ke haɗa ukun ya nuna sakamako kafin a taɓa komai. Alamar + na nufin za a ƙirƙira, ~ za a sauya a inda yake, - za a goge. Wadda ke sa gaban injiniya faɗuwa ita ce -/+, wato a rushe a sake ginawa. In ta bayyana a gefen rumbun bayanan kwastomomi, sai a tsaya a sake karatu. Shi kuwa CloudFormation na Amazon, mai aiki irin na Terraform, wanda ya fito a 2011, sai a 2018 aka ƙara masa hanyar gano ko abin da ya gina ya kauce daga rubutu.

A nan ne, a ganina, ainihin matsalar take. A ce shafin intanet ya tsaya cikin dare, wata injiniya ta shiga ta ƙara girman injin da hannu, aiki ya dawo. Washegari manhaja za ta nuna bambanci, kuma gaskiya ta faɗa. Amma wa ke da kuskure, rubutun ko injin? In aka bar manhaja ta yi gyara kai tsaye, za ta mayar da matsalar jiya. Terraform ya ƙara zaɓin `-refresh-only` a 2021 domin a karɓi sauyin cikin fayil ɗinsa ba tare da an taɓa injin ba, duk da cewa dole mutum ya koma ya gyara rubutun.

Kubernetes, tsarin sarrafa shirye-shirye a kan kwamfutoci da yawa da Google ya sanar a 2014, ya ɗauki ɗaya ɓangaren, wato rubutu ne mai gaskiya. Akasarin abubuwan da ke cikinsa suna da sashen `spec`, abin da ake so, da sashen `status`, abin da ake ciki, kuma shirye-shiryensa ba sa daina gwada su. Ka ce kwafi uku na wani shiri su riƙa gudana, ɗaya ya mutu, nan take a tayar da wani. A 2017 kamfanin Weaveworks ya yaɗa tsarin GitOps, inda ma'ajiyar Git, wurin da ake ajiye rubutun tare da tarihin sauye-sauyensa, ke zama madogara, manhajoji irin su Argo CD kuma su sa ido. Ko a nan tambayar ba ta gushe ba. In rubutu ya ce kwafi uku, shirin da ke ƙara kwafi saboda cunkoso ya kai su goma, sai su biyun su shiga ja-in-ja. Shi ya sa Argo CD ke barin gyaran kai tsaye a kashe sai an kunna shi, ya kuma tanadi wurin da injiniya zai lissafa bambance-bambancen da yake so a kau da kai daga gare su.