Furotin na Fatar Ƙwayar Halitta a Gashin Saiwar Tsiro

Gashin saiwa wasu 'yan siraran zare ne da ke fitowa daga jikin saiwa, kowane ɗaya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak da ta miƙe ta yi tsawo, su ne ke ƙara wa tsiro wurin tsotsar ruwa da sinadaran ƙasa irin su fosfet. Shi wannan gashi daga bakinsa kawai yake girma, kuma furotin da ke zaune a fatar ƙwayar da bangonta (wato rufi mai tauri da ke kewaye da fatar daga waje) su ke kula da aikin.

Yawancin binciken a kan ɗan tsiron Arabidopsis aka yi shi. A jikinsa ba kowace ƙwaya ke yin gashi ba, sai wadda ta kwanta a kan mahaɗar ƙwayoyi biyu na ciki, kuma furotin SCRAMBLED ne ke taimaka mata ta gane inda take.

To furotin da ya fi ɗaukar hankali dai shi ne FERONIA, wanda ke zaune a fatar ƙwayar. Wani ɓangarensa yana waje yana jin halin da bango ke ciki, wani yana ciki yana kai saƙo. A 2014 aka tabbatar shi ne ke karɓar ɗan ƙaramin furotin RALF1, da zarar sun haɗu sai famfon AHA2 da ke fitar da asid mai sa bango laushi ya lafa, bango ya rage laushi, girma ya dakata. FERONIA kuma yana tada furotin ROP, su kuma su zaburar da RHD2 wanda ke fitar da sinadaran iskar oksijin masu kuzari da ke buɗe ƙofar shigar kalsiyam. Idan aka lalata FERONIA gashin gajeru yake fitowa, wani ma fashewa yake yi, domin ruwan ciki yana turo bango da ƙarfi ba mai tsawatar masa. Gaskiya wannan lissafin abin mamaki ne, bango ya yi laushin da zai miƙe amma kar ya kai ya yage, a haka gashin ke tafiya kusan maikuromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a minti.

Akwai kuma furotin LRX1 da LRX2 da ke maƙale a bango suna hulɗa da FERONIA, sai COBL9 da ke rataye a fata ta waje, idan babu shi gashin da ya fara leƙowa sai ya fashe.