"Tura wa mutum goma, za ka ji labari mai daɗi": tambayoyi kan saƙonnin barazana da camfin sa'a a gidajenmu

Kusan duk mai WhatsApp ya taɓa samun irinsa. Addu'a ce mai kyau, ko labari mai sosa rai, sai a ƙarshe a ce ka tura wa mutum goma za ka ga buɗi kafin gobe, in kuwa ka ƙi, duk abin da ya same ka kai ka ja. Galibi kuma ba baƙo ne ke turowa ba. Gwaggo ce, ko yaya, ko mahaifiya. Shi ya sa gogewa ke yi wa mutane nauyi.

Ta yaya zan gane irin wannan saƙon?

Ka duba ƙarshensa. Za ka ga alkawari ga wanda ya yaɗa, da barazana ga wanda ya ƙi, da adadin mutanen da za a tura wa, sau da yawa har da wa'adi. A tsakiya akan saka shaidu: wani talaka ya raba ya yi arziki, wani attajiri ya yaga ya tsiyace. Ba a faɗin garinsu, ba a faɗin shekarar, babu wanda za ka je ka tambaya. Duk saƙon da ya fi damuwa da a kwafe shi fiye da a yi aiki da abin da ke cikinsa, to shi ne.

Da wayar hannu abin ya zo?

Ina! Ya girmi kakanninmu. Wanda ya fi shahara a ƙasashen Musulmi shi ne takardar da ake kira wasiyyar Shehu Ahmad, wanda aka ce mai hidima ne a masallacin Annabi (SAW) a Madina. Takardar na cewa a wani daren Juma'a ya ga Manzon Allah, ya ce masa yana jin kunyar ayyukan al'ummarsa, domin daga Juma'a zuwa Juma'a mutum 160,000 sun mutu ba a kan Musulunci ba. A wasu kwafin adadin 40,000 ne. Daga nan sai alkawura: wanda ya rubuta ta ya aika gari gari za a gina masa gida a Aljanna, in talaka ne zai wadata, in ana bin sa bashi za a biya masa. Wanda ya ƙi ya rasa ceto, wanda ya ƙaryata ya kafirta. Tun ƙarni na 19 take yawo, daga ƙasashen Larabawa har Indonesiya. Malamin nan Rashid Rida, mai mujallar Al-Manar, wanda aka haifa a 1865, ya ce tun yana yaro mai koyon rubutu yake ganinta. Da hannu ake kwafarta a da, daga baya injin kwafi ya zo aka riƙa rabawa a ƙofar masallatai, yau kuma yatsa ɗaya ya isa.

Akwai ƙanwarta: labarin yarinya 'yar shekara 13 da likitoci suka kasa warkarwa, ta yi mafarkin Sayyida Zainab, ta tashi garau, aka umarce ta ta rubuta labarin sau 13. Komai na cikinta 13 ne, har kwanakin da arziki ko tsiya ke ɗauka kafin su iso.

Kiristocin Turai ma sun daɗe da nasu, wasiƙun da ake cewa daga sama suka faɗo, mai ajiye su a gida ya tsira daga gobara da annoba. A Amurka abin ya koma na kuɗi. A 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, wata wasiƙa ta ɓulla a birnin Denver ɗauke da sunaye shida. Ka aika wa na sama senti 10, ka cire shi, ka sa sunanka a ƙasa, ka aika wa mutum biyar. An yi wa kowa alkawarin dala 1,562 da senti 50. Gidan wayar birnin ya cika maƙil da wasiƙu, kuma cikin 'yan makonni abin ya mutu, mafi yawa ba su ga komai ba.

Me malamai suka ce game da wasiyyar Shehu Ahmad?

Sun ce ƙarya ce. Rashid Rida ya ƙaryata ta, Sheikh Abdul'aziz bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya rubuta raddi na musamman a kanta. Hujja ɗaya daga cikin hujjojinsa ta isa mai hankali. Alƙur'ani, maganar Allah, babu inda aka ce wanda bai kwafe shi ya aika wani gari ba ya rasa ceton Annabi. Ta yaya takardar da ba a san marubucinta ba za ta fi Alƙur'ani daraja? Sannan wa ya ƙirga waɗanda suka mutu ba a kan imani ba, alhali wannan gaibu ne? Kuma addini ya cika tun Manzo yana raye, mafarkin wani ba ya ƙara wajibi, ba ya kafirta kowa.

Abin da ya kamata ya fi tsorata mai turawa shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Mai turawa cikin rashin sani ba shi ne ya ƙirƙira ba, amma da zarar an sanar da shi, uzurinsa ya ƙare.

Amma ni na san wadda ta tura, kuma washegari ta samu alheri. Wannan fa?

Ban ƙaryata ta ba. Sai dai a cikin mutum dubu da suka tura saƙo yau, dole gobe wani a biya shi bashin da ya fid da rai, wata ta haihu lafiya, wani a kira shi aiki. Da sun tura da ba su tura ba, hakan zai faru. Waɗannan su ne za su ba da labari. Sauran da ba su ga komai ba sun manta ma sun tura. Haka yake ta ɓangaren tsiya: wanda ya goge saƙon, taya ta fashe masa bayan kwana biyu, zai tuna. Ya goge goma a baya bai ga komai ba, waɗannan bai riƙe su ba. Saƙon kuma da wayo aka gina shi, bai taɓa cewa wane alheri ba, "labari mai daɗi" kawai yake cewa, duk abin da ya zo sai ya shiga ciki.

Ina alaƙar wannan da camfin da muka taso da shi a gida?

Tushensu ɗaya: yi kaza ka samu, bar kaza kada ka rasa, kuma kada ka tambayi dalili. Mun taso ana ce mana shara da dare tana kore arziki. Kada a yanke farce da dare, kada a yi ɗinki da dare, kada a zauna a bakin ƙofa da magariba, kada a tsallake yaro don ba zai yi tsawo ba. Tafin hannu ya yi ƙaiƙayi, kuɗi na tafe. Mujiya ta yi kuka a kan katanga, gida ya yi tsit. Wani ɗan kasuwa ba zai ba da bashi ba sai ya yi cinikin fari. Matar da 'ya'yanta ke rasuwa a jere, ana ce mata mai wabi, in ta sake haihuwa a kira yaron Ajuji ko Abarshi, don mutuwa ta kau da kai.

Ban yarda a yi wa duk waɗannan kuɗin goro ba. Da yawansu tarbiyya ce aka lulluɓe da tsoro don yaro ya ji. A gidan da fitilar aci-bal-bal ce haske, mai shara da dare zai iya kwashe kuɗi ko ɗan kunne ya zubar a juji, mai yanke farce da reza zai yanke yatsa, allura in ta faɗi sai ƙafar wani ta tsince ta. Sunan Ajuji kuwa, duk wanda ya ga uwar da ta binne 'ya'ya uku ba zai yi mata dariya ba. Waɗannan aƙalla mun san daga bakin wa suka fito, kuma mun san ƙauna ce ta sa. Saƙon "tura wa goma" ba ya kare yatsan kowa. Kansa kaɗai yake yi wa aiki, yana amfani da tsoron da camfin gida ya riga ya shuka a zukata.

A addini dai hukuncin a fili yake. Annabi ya hana camfa abu da shu'umci, ya ambaci mujiya da watan Safar da sunansu, ga shi har yau wasu na tsoron Larabar ƙarshen Safar, wadda ake kira Larabgana. Abin da ya so shi ne kyakkyawan fata, wato mutum ya ji kalma mai daɗi ya ƙarfafa zuciya.

Wane camfin sa'a ne ya fi cutarwa?

Wanda ake rataya wa mutum. In amarya ta shigo kasuwar miji ta buɗe, a ce tana da goshi. In ta shigo aka yi gobara a shago, ko aka sallame shi daga aiki, a ce farar ƙafa gare ta. Daga nan dangin miji su sa ta gaba, wani lokaci har a kai ga saki, kuma sunan ya bi ta gidan gaba, manema su riƙa janyewa. Ba ta sa wuta ba, ba ta karya darajar naira ba. Haka ake cewa yaro yana da ƙashin tsiya don an haife shi a shekarar da gida ya shiga matsi, ya taso yana ji ana faɗa a gabansa.

Wasu kan kafa hujja da hadisin da ya ambaci shu'umci a mace da gida da doki. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, amma a wata ruwayar lafazin shi ne "in da akwai shu'umci a wani abu", kuma an ruwaito Nana A'isha tana cewa Annabi yana ba da labarin abin da mutanen jahiliyya ke faɗa ne. Malamai sun yi bayanai daban-daban a kansa. Babu wanda ya mayar da shi izinin a tozarta 'yar mutane saboda ciniki ya ja baya.

In addu'a ce kawai a ciki, ina illar turawa?

Addu'ar ba ta da laifi, sharaɗin da aka liƙa mata ne matsala. Wanda ya ce in ka tura wa goma Allah zai ba ka kaza, ya yi alkawari da sunan Allah ba tare da izini ba.

Illa ta biyu ita ce sabo. Hannun da ya saba turawa kafin tunani ba ya bambance addu'a da guba. A farkon Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka riƙa tashin 'ya'yansu kafin asuba, 'yan uwa na kiran juna a waya. Gwamnati ta fito ta ƙaryata, amma an riga an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla biyu. Duk wanda ya tura saƙon nan don ƙauna ya tura.

Ta uku kuɗi. Lissafin Denver shi ne lissafin duk wani tsari da ake biyan na farko da kuɗin na baya, irin MMM da ya rufe da kuɗin 'yan Najeriya a Disambar 2016. In kowa sai ya kawo goma, a zagaye na goma ana buƙatar mutum biliyan 10, duniya kuwa gaba ɗaya ba ta wuce biliyan 8 da 'yan kai ba. Dole a tsaya, kuma na ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa, su ke asara.

Kamfanin WhatsApp kansa ya ga abin ya yi yawa. A 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, ya ratsa hannaye da dama kafin ya iso gare ka.

Mahaifiyata ce ke turo min. Yaya zan yi ba tare da na ɓata mata rai ba?

Kada ka ƙaryata ta a zauren dangi inda surukai da jikoki ke karantawa. Ba hujja ta turo maka ba, tsoron kada wani abu ya same ka ne ya sa ta danna. Ka amsa addu'ar da amin, ka yi godiya, ka bar saƙon ya tsaya a wayarka. In kun haɗu, ko ka kira ta, sai ka ce: "Umma, addu'ar nan ta yi kyau, Allah ya saka da alheri. Amma maganar a tura wa mutum goma ɗin nan, malamai sun ce ba ta da asali. Ki riƙa yi min ita da bakinki bayan salla, ta fi min." In akwai malamin da take sauraro wanda ya yi magana a kai, ka nemo mata karatunsa ta ji da kunnenta, domin za ta fi karɓa daga gare shi. Mai yiwuwa ta sake turowa mako mai zuwa. Ka sake cewa amin. Amma in saƙon na magani ne, ko na kuɗi, ko yana zargin wani mutum da suna, wannan kada ka jira haɗuwa, ka kira ta nan take kafin ta tura wa sauran 'yan uwa.