Yadda kamfani ke samun takardar shaidar ISO 14001

ISO 14001 ba doka ba ce da gwamnati ke tilasta wa kowa. Ma'auni ne na duniya kan tsarin kula da muhalli, ya fito a 1996, aka sake masa fasali a 2004 da 2015. Ita kanta hukumar ISO mai tsara ma'aunai na duniya da ke Janiba ba ta ba kowa takarda. Kamfanonin tantancewa ne ke bayarwa, a Najeriya har da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa. Galibi masu sayen kaya daga ƙetare ne ke sa kamfani ya neme ta.

A ɗauki masana'antar jima a Challawa ko Sharada a Kano. Da farko za ta lissafa duk inda aikinta ke taɓa muhalli: ruwan jima mai sinadarin kuromiyam, gashi da guntayen fata, hayaƙin janareta, baƙin mai. Sai ta ware waɗanda suka fi illa, ta tattara dokokin da suka hau kanta, irin ƙa'idojin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, kan ruwan da ake saki, ta sa wa kanta burin da ake iya aunawa. Kafin a kira mai tantancewa, dole kamfani ya binciki kansa, shugabanni su zauna a kan sakamakon, kuma a rubuta abin da aka yanke.

Tantancewar hawa biyu ce. Na farko duba takardu ne, a ga ko an shirya. Na biyu shi ne mai zafi: mai bincike zai shiga masana'anta, ya buɗe littafin gwajin ruwa, ya tsayar da lebura ya tambaye shi me zai yi in gangar asid ta tsiyaye. A nan asiri ke tonuwa. Misali, rubutaccen tsarin kamfani ya ce ana gwaji duk mako, littafi kuwa wata biyu babu komai. Ƙaramin kuskure akan karɓi tsarin gyaransa. Babba kuwa babu takarda sai an gyara an tabbatar, in aka wuce wata 6 a sake hawa na biyu.

Takardar shekara 3 take yi, ana dawowa dubawa duk shekara, zuwan farko cikin wata 12, kuma ana iya dakatar da ita. Ba ta maye gurbin izinin gwamnati. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar mai bayarwar yana da amincewar hukumar da ke sa ido kan masu tantancewa, irin NiNAS ta Najeriya ko UKAS ta Birtaniya, kuma ba shi ne ya tsara wa kamfanin takardun da zai tantance ba.